Sauvage Elixir ko Asad: wanne zai jure ranar Gashuwa?

Ma'aikacin da aka tura Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko hadimin da zai raka maigidansa ta'aziyya Nguru, yakan shirya shadda da hula, ya manta cewa turaren da ya yi masa daɗi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ofis a Abuja ba lallai ya zauna lafiya a arewacin Yobe ba. A watan Afrilu zafi a can kan haura digiri 40, kuma zafi shi ne ke tayar da ƙamshi, ya kuma cinye shi da wuri.

Turaruka biyu ne ake yawan haɗawa a sikeli, dukansu kuma a 2021 suka fito. Sauvage Elixir na kamfanin Dior ne na Faransa: kirfa da gyaɗar ƙamshi a farko, sandal a ƙarshe. Asad kuwa na Lattafa ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yana buɗewa da masoro da ɗan abarba, sannan ya kwanta kan taba da wani zaƙi mai nauyi. Daga nesa sun yi kama, har wasu kan kira Asad ƙanen Elixir. Da aka matso, na Dior ya fi tsabta da daɗewa, wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai kwalbarsa mai mililita 60 ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, alhali da kuɗinta za a sayi kwalaben Asad masu mililita 100 da dama. Kuma tsadar ce ke jawo masu jabu.

Akwai kuma abin da mai sayarwa a Wuse ba zai faɗa maka ba. A Nguru da Gashuwa gida kansa yana da ƙamshi. Turaren wuta, wanda matan Barebari suka gwanance a kai, kan kama babbar riga tun kafin mai ita ya fita. Duk abin da ka fesa, a kan wannan hayaƙin zai zauna. A hancina, zaƙin Asad ya fi jituwa da shi, muddin ba a wuce fesa biyu ba. Na uku, a sahun sallar Juma'a da tsakar rana, zalunci ne ga na kusa da kai.

Ni dai Asad zan saka a jaka. Elixir ya jira ni a Abuja, in albashi ya yarda.