Tsofaffin Sojojin Adar

Dokar 1919 ce ta ɗora wa samarin Afirka ta Yamma aikin soja na shekara uku ƙarƙashin tutar Faransa. Sarakunan gargajiya ke kawo su Tawa gaban kumandan, galibi kuwa ƴaƴan talakawa. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar Tamaske ba, sai ga shi bisa teku, ga shi a fagen fama a Faransa a 1940. Ƙannensa suka ga Indoshin da Aljeriya.

Waɗanda Allah ya maido gida sun komo da Faransancin bariki da lambobin yabo, kwarjinin Bature kuma ya ragu a idonsu. Amma dokar 1959 ta tsayar da fanshonsu wuri guda. Sai a 2011 aka daidaita shi sarai da na Faransawa, bayan yawancinsu sun kwanta dama.