Wayar Gilashi A Kan Turakun Lantarki

Jama'a, mun san haƙa rami don binne waya yana da tsada, ga ɓata hanya. Shi ya sa ake rataya wayar gilashi mai ɗauke da intanet a turakun lantarki. Wadda ake kira ADSS ba ta da ƙarfe, zaren aramid ke riƙe nauyinta, don haka akan ɗaura ta ba tare da ɗauke wuta ba.

Sai dai a kula wajen zaɓe. A layin kilobolt 33, rigar roba ta yau da kullum ta isa. A babban layi irin na Akosombo mai kilobolt 161 kuwa, ƙurar hunturu da raɓa kan jawo tartsatsi ya cinye rigar, intanet ɗin gari ya yanke. Can sai riga mai jure ƙuna. Araha ba ta ado.