Daga Birik Zuwa Fumbot: Abin Da Baƙin Dutse Ya Koya Mana

Asalin wannan tafiya wani ɗan dutse ne da bai kai ƙwan kaza ba. Wani yaro a unguwarmu ta Birik, nan Yawunde, shi ya tsinto shi a gindin kwandon tumatir da aka kawo daga Fumbot. Baƙi ne wuluk, duk jikinsa huji kamar saƙar zuma, ga shi ba nauyi. Ya kawo majalisar dattawa ya ce, "Baba, wane ne ya ƙona wannan dutse?" Aka yi ta juya shi hannu zuwa hannu. A cikinmu akwai wanda ya yi shekara talatin yana safarar kaya a wannan hanya, amma ba wanda ya iya ba yaron amsa. Abin ya ba mu kunya. Tun da Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, muka haɗa kuɗin mai, muka ari tanti biyu, muka ɗauki tabarmi da buta da kilishi, muka gayyaci wani malamin labarin ƙasa ɗan unguwarmu, mu goma sha ɗaya a ƙaramar bas.

Tun kafin mu fita gari Malam ya soma karatu. Ya ce tsaunukan Yawunde, irin su Febe, tsohon dutse ne mai tauri wanda ba ya aman wuta, kuma shi ne ya rududduge ya zama jar ƙasar nan da aka riƙa yin bulo da ita zamanin Turawa, har unguwarmu ta sami sunanta na Faransanci. Ya ce mu zuba ido mu ga inda launin ƙasa zai sake. Muka wuce Obala da Bafiya, muka ci abinci a Makenene, muka hau tudu zuwa Bangangte da Bafusam, tafiyar kimanin kilomita 300. Da muka gangara wajen Fumbot muka ƙetare kogin Nun, sai ga ƙasa ta koma baƙa ƙirin, ga ƙananan tsaunuka tsaitsaye kamar an kife ƙwarya, gonaki sun lulluɓe su har bisa.

Malam ya ce kowane ɗaya daga cikinsu bakin wuta ne da ya mutu. A can ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken dutse mai ɗauke da iska. In ya sami kafa ya fito, iskar takan fice ta bar huji a jikinsa yayin da yake sandarewa, kamar yadda ƙullin fanke ke yin ido. Amsar yaronmu ke nan. Tokar da ta zubo kuwa ita ce ta zama baƙar ƙasar da ke ba da tumatir da wake da masara da ake lodawa zuwa Yawunde da Duwala har Gabon. Wato abincin 'yan kasuwarmu da yawa daga wannan tsohuwar wuta yake fitowa.

Ba kuwa Fumbot kaɗai ba ce. Masana sun gano jerin duwatsu masu aman wuta mai tsawon kimanin kilomita 1,600. Ya faro daga tsibiran cikin teku, Anobon da Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya bi ta Manenguba da Bambutos da Oku, sannan ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Ngaundere, ɗaya ya yi arewa wajen Rumsiki da tudun Biu a Nijeriya. Dutsen Kamaru da ke kan garin Buya, mai tsayin fiye da mita 4,000, shi da ransa yake. Ya yi amai a 1909 da 1922 da 1959 da 1982, ya sake yi a 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse titin bakin teku kusa da Bakingili, yamma da Limbe.

La'asar sakaliya muka isa gindin Dutsen Mbapit, muka gai da mutanen ƙauye, muka sami ɗan jagora. A nan aka yi 'yar gardama. Samari sun hango wani kwari mai laushin ciyawa, babu iska, ga ruwa kusa, suka ce nan za a kafa tanti. Malam ya ce sam, sai dai a kan tudu. Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, ka bar yara su huta mana, sanyi ake yi a bisa." Malam ya ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri, in mun ci abinci zan faɗi dalili." Muka hau tudu ana ƙunƙuni.

Da aka hura wuta aka ɗora shayi, sai ya nuna mana wani sashe cikin duhu ya ce tabkin Monun yana nan ba nisa. A daren 15 ga Agusta 1984 wata iska ta fito daga wannan tabki ta kwanta a kan hanya, ta kashe mutum 37. Wasu daga cikinsu fasinjojin wata babbar mota ne, biyu da ke zaune can bisa motar suka tsira. Bayan shekara biyu, ran Alhamis 21 ga Agusta 1986 da dare, tabkin Nyos da ke yankin Wum ya yi irin wannan, amma fiye da haka nesa ba kusa ba. Mutum 1,746 suka rasu a ƙauyukan Nyos da Ca da Subum da kewayensu, tare da dabbobi kimanin 3,500, akasari shanun Fulani makiyaya. Iskar ta bi kwaruruka har wajen kilomita 25. Gidaje suna tsaye, itatuwa suna tsaye, mutane kuwa da yawa a kan shimfiɗarsu aka same su.

Iskar nan, in ji Malam, ita ce wadda ke sa lemon kwalba ya yi kumfa. Tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa ta narke a ruwan gindin tabki, nauyin ruwan sama ya danne ta kamar murfi. Zurfin Nyos ya kai mita 200. Ranar da wani abu ya motsa ruwan, sai ta taso gaba ɗaya kamar an girgiza kwalba an ɓalle murfin. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka gangara take bi kamar ruwa, ta taru a kwari da rami. Wanda ke kwance a ƙasa shi take fara samu. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar sanyi.

An yi aikin rage haɗarin. A 2001 masana suka kafa wani dogon bututu a Nyos wanda ke tsotso ruwan gindi ya feso shi sama, iskar ta fice a hankali. Aka ƙara biyu a 2011, shi ma Monun aka sa masa nasa a 2003. Mu dai ba mu je Nyos ba, domin rikicin da ya dabaibaye yankin Arewa maso Yamma, kuma ba mu ba kowa shawarar ya kama wannan hanya ba tare da ya bincika sosai ba.

Da asuba muka hau Mbapit. Hawan da wuya, dattawa suna tsayawa suna haki, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin takalmi. Muna kai wa ga baki sai ga tabki can ƙasa cikin ramin dutse, ruwansa shiru, bangon ramin a tsaye kamar rijiya. A kan gangara ga shanun Mbororo suna kiwo. Gani ya kori ji. Yara suka cika aljihu da duwatsu, baƙi da ja, masu huji da marasa huji, Malam yana faɗa musu wanda ya huce a sararin sama da wanda ya malalo a ƙasa.

To, ga abin da ya sa muka rubuta wannan. Mu mutanen hanya ne tun kakanninmu fatake. Direbobinmu da 'yan tumatir da masu sayen shanu suna kwana a waɗannan wurare duk mako, galibi inda dare ya same su. Don haka muke roƙo a riƙe abu huɗu. Kada a kwana a kwari ko rami kusa da tabkin da ke cikin bakin dutse, a nemi tudu. A tambayi mutanen wurin kafin a sauke kaya. In an ji ƙara daga tabki, ko aka ga farin hazo yana bin ƙasa, ko fitilar kananzir ta mutu haka kawai, ko tsuntsaye da dabbobi suna faɗuwa, a yi sama da gudu, kada a bi gangara. Kada kuma a sunkuya cikin kwarin don ɗauko wanda ya faɗi, sai iskar ta washe.

Duwatsun da yara suka kwaso yanzu suna jere a wata makarantar unguwa, kowanne da takardar sunan wurin da aka samo shi. Mun ƙudura, in rani ya yi, mu shiga jirgin ƙasa zuwa Ngaundere mu kwana kusa da tabkin Tizon, a kan tudu. Duk mai son zuwa ya zo da bargonsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Monun da Nyos, ya kiyaye matafiyanmu, amin.