Shekara 20 Vasco da Gama Yana Jiran Sarauta

A watan Yulin 1497 Vasco da Gama ya tashi daga Lisbon da jiragen ruwa 4. Ya zagaya ƙurewar kudancin Afirka, ya sauka Kalikut ta Indiya a watan Mayun 1498, ya komo gida a 1499 bayan ya rasa fiye da rabin mutanensa, har da wansa Paulo. Hanyar da sarakunan Fotugal suka shafe shekaru masu yawa suna nema, shi ya buɗe ta. Mai karatu zai yi zaton yana sauka aka naɗa shi babbar sarauta. Ina! Sai a watan Disambar 1519 ya zama Konden Vidigueira. Wannan doguwar jira ita ce ke nuna yadda fadar Fotugal take raba sarauta a wancan zamani, da kuma wanda take ganin ya cancanta.

Manyan sarautun ƙasar uku ne a jere: duke a sama, sai markes, sai konde. Kowacce tana ɗauke da sunan wani gari, kuma galibi tana zuwa da ikon karɓar haraji da yin shari'a a garin. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san bambancin hakimin da aka ba ƙasa da wanda aka naɗa wa rawanin girmamawa kawai. A ƙasa da waɗannan akwai ƙananan karramawa: a yarje wa mutum ya sa "Dom" a gaban sunansa, a ba shi tambarin gida, ko a rubuta shi cikin 'yan fada masu karɓar alawus. Kuma tun 1434 Sarki Duarte ya kafa dokar cewa ƙasar da sarki ya bayar babban ɗa namiji na halal kaɗai ke gadonta, in babu shi ta koma hannun fada. Kyauta ce, amma igiyarta tana hannun mai bayarwa.

Dukokin farko a tarihin ƙasar daga yaƙi suka fito. A 1415 Sarki João na Ɗaya ya ci birnin Sabta, wato Ceuta, a gaɓar Maroko, da ya dawo sai ya naɗa 'ya'yansa biyu: Pedro ya zama Duken Coimbra, Henrique ya zama Duken Viseu. Wannan Henrique shi ne wanda daga baya ya yi suna wajen tura jirage gaɓar Afirka ta Yamma, amma sarautarsa ta riga jiragen. Pedro de Meneses, wanda ya yarda ya zauna ya tsare Sabta, ya zama Konden Vila Real. A idon manyan ƙasar, daraja tana wurin wanda ya zare takobi a kan Musulmin Maroko. Tuƙin jirgi da auna taurari da cinikin barkono, waɗannan aikin bayin sarki ne.

Dubi yadda matuƙan suka ƙare. Bartolomeu Dias, wanda ya fara zagaya kudancin Afirka a 1488, bai sami gari ko ɗaya ba, teku ya cinye shi a 1500 kusa da wurin da ya gano. Pedro Álvares Cabral ya sauka Barazil a wannan shekarar, amma ba a sake ba shi jagorancin jirage ba har ya mutu. Diogo Cão, da ya kai bakin Kogin Kwango, an ɗaga shi zuwa sahun masu asali a 1484 tare da tambarin gida, amma bai kai ga babbar sarauta ba.

Labarin Fernão Gomes ya fi kusa da mu. Attajiri ne a Lisbon. A 1469 Sarki Afonso na Biyar ya ba shi kwangilar cinikin gaɓar Gini ta shekara 5, da sharaɗin ya biya kuɗin haya kowace shekara, kuma jiragensa su riƙa ƙara nausawa gaba a gaɓar. A 1471 mutanensa suka isa inda ake sayar da zinariya a ƙasar da yau ake kira Ghana. A 1474 sarki ya mai da shi mai asali, ya ƙara masa "da Mina" a sunansa, ya ba shi tambari. Me aka zana a tambarin? Kawunan baƙaƙen fata uku, da zinariya a kunne da hanci da wuya. Duk wanda yake son sanin da me aka sayi waɗannan karramawa, to ga amsa nan fadar da kanta ta zana. A 1482 aka gina gidan yaƙi na Elmina a wannan gaɓa, kuma ba a jima ba Sarki João na Biyu ya ƙara wa kansa laƙabin "Ubangidan Gini". Magajinsa Manuel na Ɗaya ya ɗora a kai, ya kira kansa mai ikon ci da yaƙi da zirga-zirgar teku da fatauci a Habasha da Larabawa da Farisa da Indiya. Kirarin mafi girma sarakuna suka riƙe wa kansu, a kan ƙasashen da ba su taɓa takawa ba.

Mu koma ga da Gama. Da ya dawo an ba shi "Dom", an ba shi kuɗin fansho, an naɗa shi Amiral na Tekun Indiya. Amma abin da ransa yake so shi ne Sines, garin haihuwarsa, inda mahaifinsa ya taɓa riƙe ganuwa. Manuel ya yi masa alkawari a 1499. Matsalar ita ce garin mallakar ƙungiyar mayaƙan Santiago ne, shugabanta kuwa Jorge de Lencastre, ɗan marigayi João na Biyu, ya ce ba zai saki ba. Sarki bai shirya ɓatawa da mai jinin sarauta saboda wani matuƙi ba. A 1507 ma aka umarci da Gama ya tattara ya bar Sines.

A tsakanin nan ya yi tafiya ta biyu a 1502. A wannan tafiyar ce ya tare jirgin Miri a gaɓar Indiya, cike da ɗaruruwan alhazai masu dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyarsu, ya cinna wa jirgin wuta da mata da yara a ciki. Ina son mai karatu ya lura da kyau: ba wannan ɗanyen aiki ne ya jinkirta masa sarauta ba. Rigimar gari ce da siyasar fada.

Abin da ya warware ƙullin tsoro ne. Wani Bafotugale, Fernão de Magalhães, wanda duniya ta sani da Magellan, ya roƙi Manuel ɗan ƙarin alawus da bai taka kara ya karya ba, aka hana shi. A 1517 ya tsallaka Sifaniya ya miƙa kansa ga abokan hamayya. A 1518 da Gama ya rubuta wa sarki cewa ko dai a cika masa alkawari ko a ba shi izinin barin ƙasar. Rasa Amiral na Indiya abin kunya ne da fada ba za ta iya haɗiya ba. Sai Jaime, Duken Braganza, ya amince ya sallama masa garuruwan Vidigueira da Vila de Frades a madadin biya, wato da Gama da aljihunsa ya sayi ƙasar da sarautarsa za ta zauna a kai. Shekara 5 kacal ya ci sarautar. A 1524 Sarki João na Uku ya tura shi Indiya a matsayin wakilin sarki, ya mutu a Kochin a watan Disamba na shekarar.

Don haka kada jerin dukoki da kondoji na wancan zamani ya ruɗi kowa ya ɗauka ma'aunin jarumta ne ko na ilimin teku. Fadar Fotugal ta ba da sarauta ga jininta, da ga wanda ya yi mata yaƙi, da ga wanda take tsoron rasawa, kuma ba ta taɓa hana wani ita ba saboda jinin da ya zubar a Afirka ko a Tekun Indiya.