Ba Kowane Jini Ba Ne Na Basur

Ran Litinin da ran Juma'a, in kasuwar Maraɗi ta cika, ba a rasa masu tallar magani da lasifika, kuma cikin cututtukan da suke lissafawa babu wadda ta kai basur yawan ambato. Magidanta daga Tibiri, daga Jiratawa, daga ƙauyukan bakin Gulbi, sukan matso a hankali, su miƙa dala ɗari ko jika guda, su karɓi ƙullin gari ko kwalbar jiƙo, su jefa aljihu ba tare da sun ce uffan ba. Mai magani bai duba su ba, su kuma abin da ya kawo su wurinsa ke nan, domin wurin da ke ciwon wuri ne da namiji ba ya son a gani.

Gaskiya ne basur ya yi yawa, kuma mafi yawan jinin da ake gani wajen bahaya nasa ne, ko na ƴar tsagewar fata da taurin bahaya ke kawowa. Amma kama da wane ba wane ba ne. Akwai ciwon daji na dubura, wanda lokotoroci ke kira kansa, kuma da kamannin basur yake farawa: jini, ƙaiƙayi, zafi. Daga baya wani ƙullutu mai tauri ya fito wanda ba ya komawa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, wani lokaci har da kaluluwa a matsematsi. Mutum yana iya shekara yana shan jiƙo, ciwon kuwa yana cin gaba abinsa.

Kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo, wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo musu shi. Ita ce dai ke kawo ciwon daji na bakin mahaifa ga mata, kamar yadda Bajamushen nan Harald zur Hausen ya gano, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ana ɗaukar ta ta haɗuwar fata wajen saduwa. Ga yawancin mutane, jiki yakan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. In garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta zauna, ta yi ta sauya fatar cikin dubura sannu a hankali, shekara da shekaru, kafin abin ya rikiɗe ya zama daji. A wannan tsakani babu zafi, babu jini, kuma a nan ne ya fi sauƙin tsayarwa.

Ciwon ba shi da yawa cikin jama'a: mutum ɗaya ko biyu ne cikin 100,000 ke kamuwa a shekara. Amma bai raba kansa daidai ba. Ƙididdigar da masana suka tattara a 2021 ta nuna cewa cikin maza masu ɗauke da ƙwayar Sida, adadin ya kai 32 cikin 100,000, in kuwa suna saduwa da maza ƴan uwansu ya kai 85. Shan taba ma yana ƙara haɗarin. Wannan magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe, sai dai ɗakin likita ba kotun alƙali ba ne, kuma abin da aka faɗa wa ma'aikacin lafiya amana ce da aikinsa ya hana shi fitarwa. Haka kuma bai kamata a ɗora wa mai wannan ciwo zargi ba: yana kama wanda bai taɓa kusantar wannan hanya ba, kuma a duniya baki ɗaya mata sun fi maza kamuwa da shi.

A Nijar an fara ganin Sida a 1987. A waɗancan shekaru wanda ya kamu bai cika daɗewa ba. Maganin rage ƙarfin ƙwayar ya sauya wannan, har ga shi masu shan sa kullum suna noma, suna fatauci, suna aurar da ƴaƴa. Amma maganin bai kawar da HPV ba. Tsawon ran da ya ba su shi ne ya kai su shekarun da wannan daji ke bayyana.

An daɗe ana gardama ko akwai amfanin neman ciwon tun bai nuna ba. Amsa ta zo a 2022 daga Amurka, cikin wani bincike mai suna ANCHOR da Dokta Joel Palefsky ya jagoranta. An ɗauki mutum 4,446 masu ɗauke da ƙwayar Sida, ƴan shekara 35 zuwa sama, waɗanda fatarsu ta riga ta fara sauyawa, aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka cire ko aka ƙone musu wurin, ɗaya kashin aka yi ta sa musu ido kawai. Mutum 9 suka kamu da daji a kashin farko, 21 a na biyu, wato haɗarin ya ragu da 57 cikin ɗari. Bisa wannan ne ƙungiyar masana ciwon ta duniya ta ba da shawara a 2024: maza masu Sida da ke saduwa da maza su fara awo daga shekara 35, sauran masu Sida daga 45.

Cikakken awon yana buƙatar a shafo fatar da auduga a kai ɗakin bincike, sa'an nan a leƙa da madubi mai ƙara girma, kuma ko a Turai masu wannan gwaninta ba su wadata ba. Sai dai akwai awon da ba ya buƙatar lantarki ko na'ura. Lokotoro ko majo ya sa safar hannu ta roba, ya shafa mai, ya taɓa da yatsa. Cikin minti guda yana iya jin ƙullutun da bai wuce ƙwayar wake ba. Wanda ke zuwa karɓar maganin Sida yana iya roƙon a yi masa shi sau ɗaya a shekara, a ɗaki rufe. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aikatan lafiya su ma da nasu: rubuta maganin basur ga wanda ba a duba ba bai bambanta da aikin mai lasifika ba.

In an ji abin da ba a yarda da shi ba, sai a tura mutum wurin likitocin fiɗa na babban asibitin jiha ko Asibitin Refarans na Maraɗi, a ciri ɗan nama a auna. A da, maganin shi ne a yanke duburar gaba ɗaya, mutum ya ƙare rayuwarsa da jakar bahaya a gefen ciki. A 1974 wani likitan Amurka, Norman Nigro, ya nuna cewa allurar kashe daji tare da ƙona wurin da haske suna iya warkar da shi ba tare da yanka ba, kuma har yau ita ce hanyar farko. Na'urar hasken ta fara aiki a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Yamai a 2021. Kafin nan sai an fita ƙasar waje. Daga Maraɗi tafiyar ta haura kilomita 600, jinyar kuma takan ɗauki mako biyar zuwa shida, ga kuɗin mota, ga masauki, ga gona da aka bari in damina ce.

Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an sha magani, ko ƙullutu mai tauri a bakin dubura, ba na kai wa wanzami ba ne. In daji ne, aska ba ta cire shi. Jini kawai take ƙarawa, ta kuma cinye watannin da ya kamata a ce mutum yana Yamai ana yi masa magani.