Dandalin Tafawa Ɓalewa: Tarihin Ƙasa da Kasuwar da Ke Jiran Baƙi

Ikko — A tsakiyar tsibirin Ikko, tsakanin unguwar Onikan da titin Broad, akwai wani makeken fili mai faɗin kadada 14 da rabi wanda kusan duk ɗan Nijeriya ya san sunansa, ko da bai taɓa taka shi ba. Wannan shi ne Dandalin Tafawa Ɓalewa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya a daren 1 ga watan Oktoba na 1960.

Asalin wurin filin sukuwa ne. A shekarar 1859 Sarkin Ikko, Oba Dosunmu, ya ba Turawa filin, suka mai da shi wurin tseren dawaki da wasannin motsa jiki. A 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka sake gina shi da rumfunan kankare masu ɗaukar mutane wajen dubu 50, aka kuma raɗa masa sunan Firayim Ministan farko, marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan ne kuma Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Abin da baƙo zai fara cin karo da shi shi ne babbar ƙofar shiga, wadda aka ƙawata da siffofin fararen dawaki huɗu da jajayen mikiya bakwai, dabbobin da ke jikin tambarin ƙasa. A harabar akwai wurin tunawa da sojojin da suka kwanta dama a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ga kuma tsohon ginin majalisar dokoki ta tarayya. A gefe guda akwai King's College da aka kafa a 1909, sannan ga dogon benen nan mai hawa sama da 20 da aka gina don tunawa da samun 'yancin kai.

Wani abin da ya ƙara wa dandalin daraja shi ne maƙwabtansa. Tafiyar 'yan mintoci a ƙasa za ta kai mutum gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976. A titin Broad kuwa, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka ya zama wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park tun 2010. Wanda yunwa ta kama da yamma, Obalende na nan kusa, unguwar da ta yi suna wajen tsire da balangu, sana'ar da Hausawa suka daɗe suna riƙe da ita a can.

Ta fuskar ciniki, babbar kakar dandalin ita ce watan Nuwamba, lokacin baje kolin ƙasa da ƙasa na kwana goma wanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Ikko, da aka kafa tun 1888, take shiryawa. A waɗannan kwanaki kamfanoni na gida da na waje kan kafa rumfuna, kuma ciniki kan buɗe wa masu otel, direbobin tasi, 'yan dako, masu abinci da masu ɗaukar hoto. A sauran watanni, kuɗin shiga na fitowa ne daga hayar fili ga masu tarukan addini, gangamin siyasa da wasannin kaɗe-kaɗe, da kuma hayar shaguna da ofisoshin da ke kewaye da rumfunan, waɗanda da yawansu masu sayar da tikitin jirgin sama ne. Haka kuma a nan ake tara jama'a don kallon bikin gargajiya na Eyo, kamar yadda aka yi a 2017.

Sai dai tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, faretin ranar 'yancin kai da sauran bukukuwan gwamnatin tarayya suka bi ta, suka koma Dandalin Eagle. Daga baya gwamnati ta ba wani kamfani mai zaman kansa jinginar wurin. Wannan ya sa hankali ya fi karkata ga mai hayar fili na yini guda, domin shi ne ke biyan kuɗi mai kauri, alhali baƙon da ya zo ganin tarihi kawai ba shi da wani tanadi na musamman da aka yi dominsa.

A nan ne asarar take. Ɗan yawon buɗe ido yakan kashe kuɗinsa ne a inda ya daɗe. Idan ya ɗauki hoton dawakan ƙofa ya juya cikin minti goma, mai sayar da ruwa kaɗai zai ci kuɗinsa. Idan kuwa ya sami mai yi masa jagora, da allunan bayani, da inuwar zama, da hanya mai tsabta zuwa Onikan da titin Broad, to yini zai yi, ya ci abinci, ya sayi tsaraba, wataƙila ma ya kwana.

Matsalar zuwa wurin dai ta ragu. Manyan motocin safa na BRT da suka fara aiki a 2008 suna da tasha a bakin dandalin, kuma tun 2023 jirgin ƙasa na cikin gari yake sauke fasinja a Marina. Abin da ya rage shi ne gwamnatin tarayya, da ta jihar Ikko, da masu riƙe da jinginar su haɗa kai wajen gyaran tsofaffin gine-ginen da horar da matasa aikin jagorancin baƙi, ta yadda dandalin zai riƙa kawo kuɗi a duk watannin shekara, ba a Nuwamba kaɗai ba.