Fiɗa ta Ƙaramar Kafa da Matsayinta a Asibitin Jahun

Kalmomi biyu Hausawa ke kiran aikin likita mai wuƙa da su. Ta fari fiɗa, wadda asalinta ta mahauta ce. Ta biyu tiyata, wadda aka aro daga sunan da Turawa suka ba ɗakin da ake aikin. Kowacce mutum ya ji, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ciki a tsage, da dogon ɗinki, da kwanciya ta makonni. To, amma an daɗe da samun wata hanya wadda ba ta bukatar tsaga ciki, sunanta lafaroskofi.

Ga yadda ake yi. Bayan an sa majinyaci barci, sai a huda kusa da cibiya, a hura iskar kabon dayoksaid har fatar ciki ta ɗaga daga kan hanji, a sami fili. Sa'an nan a zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara, a ƙara huda kafa biyu ko uku, kowacce ba ta wuce milimita 5 zuwa 12 ba, a zura almakashi da hantsaki masu dogon mariƙi. Likita ba ya duban hannunsa, allo yake duba. Georg Kelling ne ya fara leƙa cikin kare ta haka a Jamus a 1901, amma sai a 1985 Erich Mühe ya cire matsarmamar mutum ta wannan hanya. Amfaninta a fili yake: jini kaɗan, raɗaɗi kaɗan, miki ba ya cika ruɓa, mutum ya koma gida da wuri.

Daga nan kwamfuta ta shiga tsakanin likita da wuƙa. A 2000 hukumar Amurka ta yarda a yi aiki da na'urar da Vinci. Likita yana zaune gefe guda yana motsa yatsunsa, kwamfuta tana karɓar motsin, ta tace makyarkyatar hannu, ta rage girman motsin, kana ta miƙa wa hannuwan ƙarfe da ke cikin majinyaci. Ran 7 ga Satumba 2001 Jacques Marescaux, yana birnin New York, ya cire matsarmamar wata mata da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, da wata na'ura irin wannan. Ana ce mata mutum-mutumi, amma sunan yana ruɗarwa, don ba ta yanka kome da kanta. Tana kuma da aibi: hannun likita ba ya jin tauri ko laushin nama yadda ya saba.

Tambayar da ta kamata ita ce, mene ne rabon gari kamar Jahun a cikin wannan? Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da gwamnatin Jigawa a Babban Asibitin Jahun, wajen haihuwa da gyaran yoyon fitsari. Mata kan zo daga ƙauyuka masu nisa bayan sun kwana biyu ko uku suna naƙuda. Kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, kafa ta buɗe. Wani lokaci kuwa yankan gishiri ne ke jawowa. Macen da ta iso da wuri, fiɗa ake yi mata a ciro ɗan, jariri kuwa ba ya fita ta kafar milimita 12. Wadda mahaifarta ta fashe, jini na zuba, tilas a buɗe ciki nan take. Lafaroskofi ba shi da wurin shiga a nan.

Abin lura shi ne, gyaran yoyon fitsari shi kansa galibi ba a tsaga ciki. Ta hanyar da ɗa ke fitowa ake bi a ɗinke kafar, bayan an yi allura a gadon baya wadda ke kashe ƙugu zuwa ƙafafu, mace tana farke. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya shekara da shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya koya wa likitoci masu yawa. Watau manufar da masu na'ura ke nema, a warkar ba tare da an yi ɓarna mai yawa ba, an cim mata a nan da allura da zare da gwanintar hannu.

Duk da haka akwai ayyukan da ƙaramar kafa ta fi dacewa da su, kamar cire matsarmama, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa kafin ya fashe, da binciken rashin haihuwa. Sai dai sharuɗanta suna da nauyi: lantarki wanda ba ya yankewa, tukwanen iska, mai sa barci ƙwararre, da makanikin da zai gyara kyamara in ta lalace. Na'urar kwamfuta da ta fi kusa da bukatar matan ƙasar Jahun ita ce ta hoton ciki, wadda ke nuna kwanciyar ɗa, ko tagwaye ne, da inda mabiyiya ta zauna, tun naƙuda ba ta fara ba.